Yadda Ake Samo wa Maɓallan Fom Hotuna a Access, da Yadda Za Ka Zana Naka

Maɓallin da ke kan fom a Microsoft Access, manhajar haɗa rumbun bayanai, ba tela ba ne. Hoton da ka ba shi, haka nan zai sa shi. In ya yi masa yawa sai ya datse gefuna ya bar maka tsakiya, in ya yi kaɗan sai ya tsaya tsuru a cikin fili. A cikin saitin maɓalli kaf babu inda za ka ce a rage hoto ko a ƙara shi. Don haka kusan duk aikin hoton maɓalli a wajen Access ake gama shi: zaɓe, awo, cire bango, da duba izinin amfani. Ɗorawar ita ce mafi sauƙi.

Na yi wannan jagora ne don masu haɗa wa mutane rumbun bayanai a nan Katsina, ko ɗalibi ne da ke aikin kammala karatu a Hassan Usman Katsina Polytechnic ko Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, ko mai shagon kwamfuta da ake kawo wa aikin kemis, na islamiyya ko na dillalin taki. Na ɗauka kana da Access 2010 ko wanda ya biyo bayansa.

Mataki na farko: rubuta ayyukan kafin ka nemi hoto

Kada ka buɗe intanet tukuna. Ɗauki takarda ka jera maɓallan da ke cikin rumbun gaba ɗaya: Sabo, Ajiye, Nema, Gyara, Goge, Buga rasit, Gaba, Baya, Fita, da waɗanda suka keɓanta da sana'ar mai aikin, kamar Bashi, Kaya sun ƙare, ko Kuɗin zango. Za ka ga ba su da yawa, maimaituwa kawai suke yi daga fom zuwa fom. Kowane aiki hoto ɗaya gare shi a duk rumbun. In kwandon shara ne Goge a fom ɗin kaya, kada ya koma jan kuros a fom ɗin abokan ciniki.

Daga nan sai ka tuna wanda zai zauna gaban kwamfutar. Yawancin tarin hotunan da ke intanet an zana su ne don wasu mutane daban, kuma akwai waɗanda ba sa tafiya a nan. Alamar ajiyar kuɗi a wurinsu asusu ne mai siffar alade. Kai ka san ba za ka kai wa Alhaji wannan a Babbar Kasuwa ba. Alamar "dakata" sau da yawa tafin hannu ne a buɗe, yatsu biyar a ware, wanda a idon Bakatsine daƙuwa ce ƙarara. Alamar dala ba ta da aiki a shagon da ke ciniki da naira. Jan kuros a kan farin fili kuma tambarin ƙungiyar agaji ne da Yarjejeniyar Janiba ta ba kariya, saboda haka ga kemis ƙwayar magani ko kwalba ta fi.

Sai tsohon faifan nan mai kusurwa huɗu da ke nufin Ajiye. Yarinyar da aka ɗauka aiki bana ba ta taɓa riƙe shi ba. Ni dai ina barinsa, tunda shi za ta gani a Word da Excel, amma ba na barinsa shi kaɗai. Ra'ayina shi ne kowane maɓalli ya zo da hoto da kalma tare, in ban da kibiyoyin gaba da baya. Hoton na taimaka wa ido ya gano wuri da sauri, kalmar ita ke faɗin abin da zai faru in an danna.

Mataki na biyu: tsayar da awo

Access na auna maɓalli da inci ko santimita, hoto kuma da fiksel ake auna shi, wato ƙananan ɗigon da ke haɗa hoto a allon kwamfuta. A allon da ke kan saitin kashi 100, inci ɗaya fiksel 96 ne. Hoto mai fiksel 16 bai kai rubu'in inci ba, mai 24 rubu'in inci ne cif, mai 32 sulusi ne, mai 48 rabi. In za ka taɓa awon ta VBA, yaren rubuta umarni na cikin Access, can da twip ake lissafi: 1440 a inci ɗaya, wato fiksel ɗaya twip 15.

Ga yadda nake rabawa. Ƙananan maɓallan da ke gefen akwatin rubutu, irin na nema ko na buɗe kalanda, su ɗauki 16, tsayin maɓallin inci 0.25. Na aikin kullum da ke jere a sama ko ƙasan fom su ɗauki 24, kalma a gefe, tsayi inci 0.35. Na babban fom ɗin shiga, inda ake zaɓen sashe, su ɗauki 32 ko 48, kalma a ƙasa, tsayi inci 0.7 ko fiye. Kullum a bar wa hoton ɗan fili, domin bakin maɓallin kansa na cin fiksel kaɗan.

Nau'in fayil kuwa PNG za ka nema, mai bango fayau wanda ake ganin launin maɓalli ta cikinsa. JPG ba ya iya wannan, zai zo da farin akwati kewaye da hoton, ga shi yana dagula layuka masu kaifi. BMP da ICO su ne na zamanin Access 2003, har yanzu suna aiki. SVG kuwa sai ka mayar da shi PNG kafin ka kawo shi.

Mataki na uku: inda ake samowa

Fara da abin da ke hannunka. Buɗe fom a Design View, danna maɓallin, danna F4 don Property Sheet ya fito, ka je layin Picture ka danna ɗigo ukun da ke ƙarshensa. Picture Builder zai buɗe da jerin hotunan da Access ya zo da su: firinta, tabaron hange, ƙofar fita, kibiyoyi da sauransu. Ƙanana ne, ba su da wani ƙawa, amma ba sa cin data kuma ba ka da fargabar lasisi. Ga rumbun da mutum biyu za su yi amfani da shi a ofis, sun wadatar.

In kana son abin da ya fi su tsari, akwai tarin da ake rabawa kyauta. Material Symbols na Google yana ƙarƙashin lasisin Apache 2.0, kuma a shafinsa kana iya zaɓen girma da launi ka sauke PNG kai tsaye, wanda ya sa shi ne mafi sauƙi ga mai Access. Bootstrap Icons, Feather, Tabler da Fluent UI System Icons na Microsoft duk lasisin MIT gare su. Hotunan Font Awesome na kyauta suna ƙarƙashin CC BY 4.0. Akwai kuma tsohon tarin Silk, hotuna 1000 masu launi, kowanne fiksel 16, wanda har yau da wuya ka sami abin da ya fi shi fitowa sarai a wannan ƙanƙantar. Flaticon, Icons8 da Noun Project suna da yawan da ya fi na kowa, sai dai na kyautarsu da sharaɗin ambaton mai zane yake zuwa, in ba ka so sai ka biya.

Sharuɗɗan ba su da wuya. MIT da Apache suna so takardar lasisin ta bi aikin, CC BY na so a ambaci wanda ya zana. Ka ajiye fayilolin lasisin a folda ɗaya da rumbun, ka buɗe ɗan fom mai suna "Game da wannan manhaja" ka rubuta inda hotunan suka fito. Abin da ba na so shi ne kwaso hoto daga sakamakon binciken Google. Ba ka san mai shi ba, kuma galibi wannan bangon mai ɗigon dara da ke nuna kamar fayau ne, zane ne kawai a jikin hoton. Haka hotunan da ke cikin shell32.dll da imageres.dll na Windows: ana iya ciro su, amma mallakar Microsoft ne, ba a sa su don a kwashe a sayar cikin aikin wani ba.

Duk inda ka zaɓa, tsaya a gida ɗaya. Feather an zana shi a kan fili mai 24 da layi mai kaurin fiksel 2, Bootstrap a kan fili mai 16, Silk kuma launi-launi ne. Ka haɗa su a fom ɗaya, ko wanda bai san komai a kan zane ba zai ji wani abu bai zauna ba. Sannan ka ɗauki tarin da aka zana kusa da girman da kake so. Hoto mai fiksel 512 da aka matse zuwa 16 dishi-dishi yake komawa.

Tunda data kuɗi ce, yawancin tarin nan ana sauke su dunƙule a fayil ɗin zip guda. Sauke sau ɗaya, zuba a filasha, ka huta.

Mataki na huɗu: zana wanda babu

Nan ne aikin ya fi daɗi. Ba lallai ka sami allon karatu a tarin Turawa ba, ko buhun taki, ko tiya, ko jarkar manja. Bari mu ɗauki allo, don maɓallin "Ɗalibai" a rumbun islamiyya. PowerPoint ya isa farawa, daga na 2013 zuwa sama.

Buɗe shafi fari. Daga Insert, Shapes, jawo murabba'i mai dogon tsaye da lanƙwasassun kusurwa, shi ne jikin allon. Ɗora siririn murabba'i a samansa ya zama wuya, sannan ɗan baka ko jinjirin wata a kife a kan wuyan ya zama mariƙi. Zaɓe su duka, ka je Shape Format, Merge Shapes, ka danna Union, su narke su zama siffa ɗaya. Don lanƙwasar ƙasan allon, ɗora ƙwai a gindinsa yadda rabinsa zai hau jiki, fara zaɓen allon sannan ƙwan, ka danna Subtract. Wanda ka fara zaɓa shi ke saura, don haka in ka juya tsarin allon ne zai ɓace. Layukan rubutu biyu ko uku a jiki sun isa, su ma da Subtract za ka huda su, kuma su yi kauri. Kada ka ce za ka rubuta baƙi na gaske a kai, a fiksel 24 ba mai karanta shi. Ba shi launin sauran hotunanka, cire layin gefe, danna dama, Save as Picture, ka zaɓi PNG.

Abin da PowerPoint ya fitar ya yi girma, kuma ba murabba'i daidai ba ne. Buɗe shi a Paint.NET, wanda kyauta ne. GIMP ma ya yi. Fara da Image, Canvas Size: mayar da faɗi da tsayi su zama ɗaya, hoton a tsakiya, da ɗan sarari kewaye. In sararin da ya ƙaru ya fito fari, taɓa shi da Magic Wand ka danna Delete. Sai Image, Resize, ka sa 32 da 32, ka ajiye da sabon suna. Koma kan babban ka sake yin na 24, sannan na 16. Kowanne daga babban za a rage shi, ba daga ɗan'uwansa da aka riga aka rage ba.

Yanzu zuƙo na 16 ɗin sosai har ka riƙa ganin fiksel ɗaya-ɗaya. Za ka tarar layukan da suke da kaifi sun zama toka-toka, domin sun faɗa tsakanin fiksel biyu. Ɗauki Pencil ka gyara da hannu: inda ya kamata ya cika ka cika shi, inda ya kamata ya zama fayau ka goge. Sau da yawa a wannan girman sai ka rage layukan rubutun su koma biyu, ko ka ƙara wa wuyan allon kauri. Fiksel 256 ne kacal a filin gaba ɗaya, ba aikin yini ba ne, kuma shi ke raba hoton da aka zauna aka yi da wanda aka matse kawai.

Gwajin da nake yi mai sauƙi ne. Nuna wa wanda bai ga kana zanawa ba, a ainihin girmansa, ka ce, "Malam, me ka gani nan?" In ya ce allo, an gama. In ya ce kwalba ko tocila, koma ka ƙara wa mariƙin faɗi.

Wani lokaci mai aikin zai kawo tambarin shagonsa, ko ya ce a sa masa hasumiyar Gobarau ko dagin Arewa a kan maɓalli. Dagi na iya fitowa a 48 in an sauƙaƙa shi. Hoton gini da aka ɗauka da waya kuwa ba zai taɓa zama alamar maɓalli ba. Lallaɓa shi za ka yi: "Alhaji, ai wannan ya fi ƙarfin maɓalli, bari mu sa shi a saman fom da kan rasit inda kowa zai gan shi." Can akwatin Image za ka yi amfani da shi, wanda shi yana da Size Mode, ka sa shi a Zoom.

In hoton da ka samu SVG ne, Inkscape zai buɗe shi, ka canza launi, ka fitar da PNG ta File, Export da adadin fiksel ɗin da kake so. In kuma mai farin bango ne, Magic Wand da Delete na Paint.NET za su cire, sai dai a duba bakin hoton, don yakan bar farin zare kewaye wanda ba ya nunawa sai an ɗora a maɓalli mai duhu. Tsohon Paint na Windows kada ka ajiye da shi, yana mayar da bango fayau ya koma fari. Na Windows 11 ne aka ƙara wa wannan damar a 2023.

Sunayen fayil su zama gajeru da girmansu a jiki: ajiye24.png, allo32.png. Kada ka sa ƙ, ɗ ko ɓ a sunan fayil, dalilin na tafe.

Mataki na biyar: ɗorawa

Kafin hoto na farko ya shiga, je File, Options, Current Database, ka nemi Picture Property Storage Format. Tabbatar yana kan Preserve source image format. Ɗaya zaɓin na mayar da kowane hoto BMP, kuma BMP ba ya matse komai: mai fiksel 32 wajen kilobayit 3 ne, ba damuwa, amma hoton waya mai 4000 da 3000 zai kai megabayit 36. Fayil ɗin Access kuwa iyakarsa gigabayit 2.

Sai ka zaɓi Picture Type, wanda ke da hanya uku. Embedded na cusa hoton a cikin maɓallin, in fom ashirin ke da Ajiye to kwafi ashirin ke nan, ranar da za ka canza kuma sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Linked na riƙe adireshin fayil ɗin ne kawai, saboda haka ranar da rumbun ya bar kwamfutarka ya koma ta shago, hotunan sun ɓace sai in foldar na daidai wurin da take a taka. Shared, wanda ya zo da Access 2010, shi nake ba da shawara. Hoton na shiga rumbun sau ɗaya, a wani ɓoyayyen tebur mai suna MSysResources, kowane maɓalli ya jawo shi da suna. Sa Picture Type a Shared, shigo da fayil ɗin ta ɗigo ukun layin Picture, daga nan sunansa zai riƙa fitowa a jerin da ke wannan layin a kowane fom. In Browse bai nuna maka PNG ɗinka ba, canza nau'in fayil a ƙasan tagar. Ranar da kake son sabon hoto, buɗe Insert Image, danna dama a kan tsohon, ka zaɓi Update, duk maɓallan su canza tare.

In dole sai Linked, kada ka dogara da adireshin da Access ya riƙe. Ajiye foldar hotuna (a nan sunanta alamomi) kusa da rumbun, ka sa wannan layin VBA a On Load na fom, inda cmdAjiye ne sunan maɓallin:

Me.cmdAjiye.Picture = CurrentProject.Path & "\alamomi\ajiye24.png"

Don kalma ta fito tare da hoto, rubuta ta a Caption, sannan ka canza Picture Caption Arrangement daga No Picture Caption. Zaɓin na nuna inda kalmar za ta zauna: Right ya sa ta dama da hoto, Bottom ya sa ta ƙasa. In ka rubuta &Ajiye, Alt da A za su danna maɓallin ba tare da an taɓa linzami ba, abin da mai karɓar kuɗi zai gode maka a kai ranar da layi ya yi tsawo. Cike ControlTip Text da gajeren bayani, musamman ga kibiyoyin da ba su da kalma.

Caption na karɓar ƙ, ɗ da ɓ lafiya lau in ta Property Sheet ka shigar. Tagar VBA ce ba ta san su ba, alamar tambaya take mayar da su. Shi ya sa na hana su a sunan fayil. In dole ka canza kalmar maɓalli ta VBA, yi amfani da ChrW: 409 ne ƙ, 599 ne ɗ, 595 ne ɓ, 8358 kuma alamar naira.

Da ka gama, zaɓi maɓallan layi ɗaya gaba ɗaya, ka je Arrange, Size/Space, ka daidaita su da To Tallest da To Widest, ka raba tazara da Equal Horizontal.

Wata gajeriyar hanya: harafi a madadin hoto

Wasu nau'o'in rubutun Windows hotuna ne zalla. Mayar da Font Name na maɓalli Webdings ka rubuta 3 a Caption, kibiyar baya za ta fito. 4 ta gaba ce, 9 ta komawa farko. A Windows 10 akwai Segoe MDL2 Assets, inda E74E ne Ajiye, E749 firinta, E721 nema, E74D goge. Buɗe Character Map ka kwafo wanda kake so. Amfaninsa, ba fayil, ba dishi-dishi, girma da launi kuma da Font Size da Fore Color ake canza su. Illarsa biyu ce: maɓalli nau'in rubutu ɗaya yake ɗauka, don haka ba za ka haɗa da kalma ba, kuma kwamfutar da ke kan Windows 7, waɗanda har yanzu ba a rasa su a shaguna, akwati fanko za ta nuna a wurin Segoe MDL2. Ga kibiyoyi ina amfani da Webdings, sauran na bar wa PNG.

Mataki na ƙarshe: gwaji a inda za a yi aikin

Kai rumbun kan ainihin kwamfutar mai shi. Laftof da yawa suna kan saitin allo na kashi 125 ko 150, kuma tunda maɓalli da inci yake tafiya hoto kuma da fiksel, zaman da suka yi a allonka na iya sauyawa a nasa. In hoton ya yi ƙanƙanta a can, na 32 ɗin da ka ajiye zai maye gurbin na 24 ta Update. Duba maɓallan da ake kashewa da Enabled, ka ga ko ana gane hotonsu bayan ya dushe. Duba su da rana tsaka, ƙofar shago a buɗe, domin launin toka mai haske da ya yi kyau a ɗakinka ɓacewa yake a hasken Katsina. Goge kuma ka nisanta shi da Ajiye, ka ba shi launi daban.

In rumbun a rabe yake gida biyu, bayanai a fayil ɗaya fom a wani, hotunan na zaune ne a ɓangaren da ke ɗauke da fom, shi za ka sake raba wa kowace kwamfuta bayan kowane canji. Yi Compact and Repair don fayil ɗin ya sauke nauyin hotunan da ka gwada ka cire. Sai bayan duk wannan za ka fitar da ACCDE, wato kullallen kwafin da ake miƙa wa mai aiki, domin shi ba a buɗe fom ɗinsa a Design View. Asalin ACCDB ɗin, da manyan zanenka na PowerPoint da foldar lasisi, su zauna a wurinka a ajiya biyu, ɗaya a kwamfuta ɗaya a filasha.